Na Je Jinyar Muryar Rahila

Tun da na dawo daga Malesiya ban huta da tambaya ba. Matan zumunta su tare ni a ƙofar coci, tsofaffin abokan aikina na asibiti su bugo waya. Wata labarin ƙasar take son ji, wata kuma Rahila take nufi amma sai ta fara da tambayar ko ana sanyi a can. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wadda na ba labarin sai daga baya in tuna na tsallake wani wuri. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai san ta ba, Rahila ƙanwata ce, autar gidanmu, shekara tara na ba ta. A Wusasa aka haife mu. Babanmu shi ke koyar da mawaƙan coci, kuma tun tana 'yar shekara bakwai ya tsayar da ita a layin gaba. Da ta tafi jami'a a Jos ta shiga wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a otal, Baba ya yi shekara guda bai yi mata magana ba. Daga Jos ta wuce Legas, daga Legas ta samu gurbin digiri na biyu a fannin tsara birane a wata jami'a da ke Jalan Semarak, a Kuala Lumpur. Ba ta gama karatun ba. Shekara ashirin ke nan tana can tana rera irin waƙar da ake kira jaz, tana kuma rubuta nata. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya, ina zaune a Kaduna. Tun rasuwar Baba, shekara shida da suka wuce, gaisuwar Kirsimeti da ta Ista kaɗai ke haɗa ni da ita.

Sai ga saƙonta a waya. Wani ɗan ƙulli ya fito mata a jijiyoyin murya, za a yi mata aiki, bayan aikin kuma za ta yi kwana goma ba magana. Ta rubuta: "Yaya, ki zo. Ke ce kaɗai nas ɗin da na sani wadda ba za ta ji tausayina ba." Na karanta sau biyu, ban gane yabo ne ko zagi ba. Na fara neman biza.

Bizar ta yi jinkiri, har ranar aikin ta zo ina Kaduna. Washegari na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja da akwati ɗaya da jakar kayan miya: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji kwalba biyu, zuma, da kilishi. Jirgin sama biyu na shiga, tsakaninsu zaman awa takwas a wani filin jirgi inda ƙafafuna suka kumbura har na cire takalmi na riƙe a hannu. Matar da ke kusa da ni 'yar kasuwa ce daga Kano, ta saba hanyar. Ita ta nuna mini inda ake samun ruwan zafi kyauta, ta kuma ce kilishin nan ba zai shiga ba, gara mu cinye. Ban saurare ta ba.

A wurin jami'an shige da fice aka fitar da ni daga layi aka kai ni wani ɗaki. Ba wanda ya ɗaga mini murya. Jami'in ya duba tikitin komawata, ya tambayi wurin wa na zo, ya ce in ba shi lambarta. Ya buga, aka ɗauka, aka yi shiru. Ya yi sallama da Turanci, ya yi da yarensu, shiru. Ya kashe ya sake bugawa, aka sake ɗauka, sai ƙarar ƙwanƙwasa tebur kawai yake ji. Ya dube ni. Na yi masa bayani cewa mutuniyar da na zo wurinta ba ta iya magana.

"Kurma ce?"

"A'a. Mawaƙiya ce."

Ban ga alamar wannan amsa ta taimaka ba. Na zauna kusan awa ɗaya kafin wani namiji ya bugo daga wayar Rahila, ya yi dogon bayani, aka turo hoton takardar asibiti, sannan aka buga mini hatimi. A wurin duba kaya suka karɓe kilishin, ba a shiga da nama. Matar da ke binciken ta buɗe ƙullin daddawa ta shinshina, ta yi dariya, ta ce su ma suna da nasu mai irin wannan warin, da jatan lande ake yi. Ta mayar mini da shi cikin jaka da kanta.

Mutumin da ya bugo wayar shi ya zo ɗaukata. Dattijo ne ɗan asalin Sin, siriri, mai furfura, sunansa Lim, kowa na ce masa Uncle Lim. Shi ke kaɗa wa Rahila piyano shekara goma sha bakwai. Rahila na zaune a bayan motar, ta ɗaura gyale a wuya, a cinyarta wani ɗan farin allo da alƙalami. Ta rame, ta kuma fara furfura a gefen kai, abin da ba ya fitowa a hotunanta. Ta ɗaga allon. Ta rubuta: "Sannu da hanya. Kin tsufa." Na ce mata ita ma haka.

Gidanta a Sentul yake, wata unguwa da a da ma'aikatan jirgin ƙasa ke zaune, yanzu duk dogayen benaye ne. Ita tana hawa na goma sha bakwai, ɗaki biyu da falo. A ƙofa ake cire takalmi, ko kai wane ne. Banɗakinsu akwai ɗan tiyo na ruwa a gefe, ba sai an nemi buta ba, wannan kam na yaba. Zafin garin irin mai ɗanko ne, kuma kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayan awa ɗaya ya ɗauke kowa ya ci gaba da harkarsa. Ta ba ni ɗakin da take koyar da ɗalibai. Da na sunkuya zan tura akwatina ƙarƙashin gado na tarar babu wuri. Kwalaye ne cike da faifan waƙoƙinta guda biyu da ta buga da kanta, yawancinsu ko ledar ba a cire ba.

Dokokin likita na manna su a jikin firij. Ba magana, ba raɗa, don raɗa ta fi magana wahalar da maƙogwaro. Ba gyaran murya, ba tari in da hali, ba dariya mai ƙarfi, ba kuka. Ba yaji, ba mai, ba shayi mai kauri. Yajin da na ɗauko tun daga Kaduna Uncle Lim ya gaje shi, yana barbaɗa shi har a kan gwanda. Aikina shi ne in dafa mata kunu da miyar kuɓewa marar barkono, in tabbatar ta sha ruwa, ta yi turaren ruwan zafi sau uku, in kuma harare ta duk lokacin da na ga ta buɗe baki. Ban taɓa jinya mai sauƙin wannan ba. Marar lafiyar da ba ta iya gardama sai a rubuce, kafin ta gama rubutawa na bar ɗakin.

A ƙasan benen akwai shagon abinci na Indiyawa Musulmi, irin wanda suke kira mamak, ba ya rufewa. Can nake sayen nawa in na gaji da abincin marasa lafiya. Kalma ta farko da na koya ita ce tapau, wato a ƙunshe maka ka tafi da shi. Har shayi a leda suke zuba shi, su ɗaura igiya, ka rataya a yatsa. Shinkafa da gyaɗa da ƙananan kifi suke karya kumallo da ita, kuma sukari a komai. Ba a nuna abu da ɗan ali, da babban yatsa ake nunawa. In an gaisa sai a kai hannu ƙirji, wannan bai zame mini baƙo ba. Kowa Aunty yake ce mini, har waɗanda suka girme ni.

Kwana na uku na ɓata. Benayen uku ne iri ɗaya, na shiga na tsakiya maimakon na ƙarshe, na hau hawa na goma sha bakwai, na tsaya ina ta murɗa makulli a ƙofar mutane. Wata tsohuwa Ba'indiya ta buɗe. Ba ta jin Turanci sosai, ni kuma ba amfanin in buga wa Rahila. Tsohuwar ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, na yi ta kwatance har na kama wuyana na buɗe baki kamar mai waƙa. Nan take ta gane. Ta sa silifas ta raka ni har ƙofa, ta tsaya ta yi wa Rahila doguwar magana da yarenta, Rahila na gyaɗa kai. Har yau ban san me ta ce ba.

Da kuɓewa ta ƙare Rahila ta zana mini hanyar Taman Melati, inda ɗaliban Najeriya suka yi yawa. Jirgin ƙasan cikin gari na hau, wanda ba direba a gabansa. Shagon na wani mutumin Fagge ne, Malam Bashir, yana sayar da gari da manja da kayan miya, yana kuma yi wa ɗalibai hanyar gidan haya. Da ya ji wurin wa na zo ya ajiye abin da yake aunawa.

"Aunty Rahila? Ai kowa ya san ta. Lokacin da na zo garin nan ita ta yi mini interpreter a asibiti. Amma gaskiya, Mama, waƙar tata ban gane mata ba. Na je sau ɗaya. Ba rawa, ba liƙi, kowa ya yi tsit kamar ana lecture. Su dai mutanen nan suna so, lah."

Wannan "lah" ɗin mutanen garin ke liƙawa a ƙarshen magana, shi ma ya ɗauka. Ya ƙi karɓar kuɗin kuɓewar, ya ce a gaishe ta.

Abin da na sani game da aikinta, daga bakin Uncle Lim na ji shi. Kullum da hantsi yake zuwa, ya zauna a falo ya sha ruwan zafi, tunda Rahila ba ta magana sai ya juyo wurina. Ya ce ranar da ya fara ganinta ta zo gwaji ne a wani otal, da jakar littattafan makaranta a kafaɗa. Ta rera baiti ɗaya manaja ya ce ta fara gobe. Shekara goma sha ɗaya suka yi a zauren otal ɗin, kwana shida a mako, awa huɗu kowace rana, cikin sanyin na'ura, mutane na cin abinci suna hira. Tsofaffin waƙoƙin Turanci da kowa ya sani ake so. In ta saka tata guda ɗaya, washegari sai manaja ya kira Uncle Lim gefe. An taɓa gayyatarsu wani babban taron makaɗa a wata ƙasa, aka rubuta sunanta a jarida, suka ɗauka daga nan an wuce wurin. Suka dawo suka koma otal ɗin. Takardar izinin aikinta kuma duk shekara ake sabuntawa, kowace shekara ba ta san ko za a ba ta ba.

"A otal ɗin nan muryar ta lalace," in ji shi. "Na gaya mata tana turawa da ƙarfi don a ji ta a kan ƙarar cokula. Ba ta jin magana. A gida ma haka take?"

Na ce haka take. Rahila ta rubuta wani abu a allo ta nuna masa shi kaɗai, ya yi dariya.

Ya ce shekara biyar da suka wuce ta bar otal, ta koma koyarwa da wasa a ƙananan wurare, inda mutum talatin ko arba'in ke zuwa don su saurara. Abin da ake samu ya ragu, amma a nan ta fara rubuta waƙa da Hausa. A cikinsu akwai guda ɗaya da ba a tashi sai an roƙa. Ya faɗi sunanta, amma yadda ya furta ban kama ko kalma ɗaya ba, ban kuma nemi ya maimaita ba.

Ranar Lahadi, kwana shida da aikin, Rahila ta rubuta cewa in shirya za mu fita. Suna da wasa duk Lahadi da ƙarfe huɗu a wani tsohon ɗakin gyaran jiragen ƙasa da aka mayar wurin shan shayi, nan cikin Sentul. Wata ɗalibarta ce ke riƙe mata wurin kafin ta warke, Aina, Bamalayiya mai kimanin shekara ashirin da biyar, da lulluɓinta. Na ce likita ba ta ce a fita ba. Ta rubuta: "Ba ta ce kar a fita ba."

Makaɗa uku ne: Uncle Lim, da wani mai ƙaton goge da ake tsayar da shi a ƙasa ana fizgar igiyoyinsa da yatsa, da mai ganguna da ke shafa su da wani abu kamar 'yar tsintsiya. Yadda Malam Bashir ya faɗa haka ne. Ba mai tashi, ba mai amshi. Za su fara tare, sai kowa ya kama hanyarsa, in ce a raina sun ɓata, can sai in ji sun haɗu a wuri ɗaya. Mutane kuma a tsakiyar waƙa suke tafi, ba sai an gama ba. A cocinmu da Baba ya tsayar da su tun a baitin farko. Aina na da murya mai daɗi, ta rera na Turanci huɗu ko biyar. Rahila na gefena tana motsa yatsa a kan allonta, wani lokaci ta yamutsa fuska.

Daga ƙarshe Aina ta ce yanzu za ta rera waƙar malamarta, ta nuna Rahila, aka yi tafi. Ta ce ita ba ta jin yaren, haddacewa ta yi, abin da aka gaya mata kawai shi ne saƙo ne daga gida. Uncle Lim ya fara shi kaɗai a hankali. Sai yarinyar ta buɗe baki da Hausa.

Kada ki wahalar da kanki,
mun rufe shi jiya da hantsi.
An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi.
Bai tambaye ki ba.

Harshenta ya karkace a wasu wurare, amma ba kalmar da ban gane ba, domin ni na faɗe su. Lokacin da Baba ya rasu fasfon Rahila na wurin sabunta izini. Ta roƙa a jinkirta jana'iza kwana goma. Ni kuwa wata goma sha huɗu na yi ina juya shi a kan gado, ina wanke shi, ina ba shi abinci a baki. Na ce ba za a jira kowa ba. Washegarin jana'izar na zagaya bayan gida, wajen tulunan ruwa, na ɗauki muryata a waya na tura mata. Ko minti ɗaya saƙon bai kai ba. Ba ta amsa ba, ba mu kuma taɓa tayar da maganar ba. Ga shi ta ɗauke shi kalma da kalma, ba ta ƙara ba ta rage ba, ta ɗora masa kiɗa. Layin ƙarshen nan shi ne amshi. Sau shida na ƙirga Aina ta maimaita shi.

Layi ukun farko gaskiya ne. Na huɗun ƙarya na yi.

Mutane sun rufe ido suna saurare. Wata mata da ke bayana ta taɓa kafaɗata ta ce ta ga alama yarena ne, me waƙar ke cewa? Ta ce shekara uku tana zuwa jin ta, a bikin 'yarta ma ta so a rera. Na ce mata saƙo ne daga gida, kamar yadda aka faɗa. Rahila ba ta dube ni ba har aka gama.

A gida ta zauna a teburin cin abinci ta jawo allo. "Kin ji haushi?" Na ce a'a. Ta goge ta sake rubutawa. "Ita ce ta fi duk abin da na rubuta." Ta goge. "Ban saka ta a faifai ba. Na ce sai kin ji tukuna." Na ce na ji. Na ce lokacin turarenta ya yi, na tashi na ɗora ruwa.

Da a ce ni ba ma'aikaciyar jinya ba ce, da a ranar na gaya mata. Amma na san abin da kuka mai shessheƙa ke yi wa maƙogwaron da aka yi wa aiki kwana shida. Muryar nan ita ce abincinta, ita ce kuma takardar zamanta a ƙasar. Saura kwana huɗu a koma wurin likita. Na yi shiru, muka zama mu biyu marasa magana a gida ɗaya. Na wanke labulayenta, na goge firij, na jera faifan da ke ƙarƙashin gado bisa tsari. Uncle Lim ya lura na daina yi masa tambayoyi, ya ɗauka kewar gida ce, ya kawo mini wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, durian. Warinsa kamar albasa ta ruɓe a cikin madara. Na ci don kar ya ji kunya, na yini ina gyatsarsa. Ashe ma an hana shiga da shi benen, sai da mai gadi ya hau ya yi mana magana.

Ranar Alhamis muka je asibiti. Likitar ta zura mata siririyar kyamara ta hanci, muka ga wurin a talabijin, ya warke sarai. Ta ce za ta iya fara magana, minti biyar a kowace awa, a hankali. Waƙa sai bayan mako shida, kuma ba ta yi alkawarin muryar za ta kai saman da take kaiwa da ba. Ta ce Rahila ta gwada faɗin wani abu. Rahila ta haɗiye yawu, ta juyo wurina.

"Yaya, gishirinki ya yi yawa a miya."

Muryar ta fito a shaƙe, can ƙasa, kamar ta tsoho. Likitar ta ce haka ake farawa.

Na bari sai da muka koma gida ta ci abinci. Ana ruwan la'asar, muna zaune a falo. Na ce mata akwai maganar da zan faɗa, ba na so ta amsa da ƙarfi, in ta ji kuka na zuwa ta sha ruwa. Ta ce to.

"Layin nan na ƙarshe ba gaskiya ba ne. Ya tambaye ki."

Na ci gaba.

"Sau biyu. Ranar Talata ya ce, Auta ta bugo? Na ce masa kin bugo yana barci. Ranar Alhamis kuma, kwana biyu kafin ya cika, ya ba ni saƙo in ba ki."

"Me ya ce?"

"Ya ce, ki gaya wa Auta na saurari faifan nan nata da na ce a ɓoye shi. Har yanzu tana shan numfashi a tsakiyar kalma. Amma muryar ta zauna."

Ta dubi taga. Sannan ta tambaye ni saura minti nawa a cikin biyar ɗinta. Na duba agogo na ce huɗu da wani abu.

"Ba za su isa ba," in ji ta.

Ta tashi ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Na tsaya a bakin ƙofar ina saurare, ba don komai ba sai don maƙogwaron. Ban ji kuka ba. Na ji ta buɗe robar ruwa, bayan ɗan lokaci ta sake buɗewa.

Kwana biyar suka rage mini a garin. A cikinsu ba ta yi mini maganar da ta wuce ta magani da abinci ba. Mintocinta a kan Uncle Lim da ɗalibanta take kashe su. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga abin da roƙon zai gyara ba. Ana gobe zan tafi Aina ta zo darasi, na ji Rahila na gyara mata furucin layin nan dai, tana nuna mata inda ake ja da inda ake sauke murya. Da yarinyar ta tafi na tambaye ta ko ba za ta cire shi ba.

"Ba zan cire ba."

"Ai yanzu kin san ba haka aka yi ba."

"Shekara shida da shi nake kwana, da shi nake tashi. A wurina haka aka yi. Ke kika rubuta shi, Yaya, ni rerawa kawai na yi."

 Mintinta ma ya kusa ƙarewa.

Uncle Lim ya kai ni filin jirgi, Rahila na baya kamar ranar da na zo, sai dai ba allo. Ta sa hannu ta karɓi jakata ta riƙe har bakin inda ake hana masu rakiya wucewa. Ta ce in riƙa miƙe ƙafa a cikin jirgi. Na ce ta riƙa shan ruwa. Dawowar ba abin da ya faru, sai akwatina da ya kwana biyu a hanya kafin ya iso Abuja.

Mako bakwai ban ji daga gare ta ba. Labarin da na samu daga Uncle Lim ne, shi ke turo mini saƙo. Ya ce ta fara rerawa kaɗan kaɗan, muryar ta sauka ƙasa, sai da ya sauke mata sautin kiɗan duk waƙoƙin, wasu kuma ta bar su gaba ɗaya. Ya ce shi wannan muryar ta fi masa, amma ita ba ta yarda ba tukuna.

Ranar Asabar da ta wuce, ina tsintar shinkafa, waya ta yi ƙara. Ita ce. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, maganar Baba ta ranar Alhamis. Sake faɗa mini."

Na faɗa.

"A hankali. Yadda ya faɗa, kar ki gyara."

Na maimaita a hankali. Ina jin ƙarar alƙalami a kan takarda. Ta tambaye ni a zaune yake ko a kwance, taga a buɗe take ko a rufe, wa ke ɗakin. Na ce a kwance, taga a rufe, ni kaɗai ce. Na tambaye ta ko waƙa za ta yi da shi. Ta ce ba ta sani ba tukuna.

Na ce, "In kin yi, ni zan fara ji, kafin baƙi."

Alƙalamin ya tsaya.

"To," in ji ta. "Daga ina ya fara? Ki gaya wa Auta, ko akwai wani abu kafin nan?"

Na ture farantin shinkafar gefe, na ce mata akwai.